Muryoyin Maza a Saman Benenmu

Ku matso kusa, don abin da zan gaya muku yau ko abokan aikina na asibitin haƙori ban gaya wa ba. Ni Juwairiyya Bello, 'yar unguwar Nuzla a Jidda, mai shekara ashirin da huɗu, an yi kwanaki ana yawo da sunana a unguwa cewa ina hira da maza a saman benenmu tsakanin la'asar da magariba. Abin haushin kuma shi ne, waɗanda suka ce sun ji muryar maza ba ƙarya suka yi ba.

Ranar Lahadi Yumma, mahaifiyata, ta dawo daga wani gidan suna, ko abaya ba ta cire ba ta tsaya a ƙofar kicin tana kallona. Ina yanka albasa. Da na ga yadda ta riƙe jakarta da hannu biyu na san an taɓo ta a can.

"Kin kashe ni, Juwairiyya."

"Yumma, me ya faru?"

"A gaban mata sun fi talatin Latifatu ta ce kullum in ta hau shanya tana jin maza a samanmu. Wani da Larabci, wani da Turanci, wani ma ba ta san yarensa ba. Kuma Hajiya Dela na zaune a wurin, da kofin shayi a hannunta."

Khala Latifatu maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba saman gidanmu da nata, kuma ban taɓa ganin mace mai yawan wanki irinta ba. Hajiya Dela kuwa ita ce mahaifiyar Zaharaddeen, wanda saura kwana goma sha ɗaya danginsa su kawo min shabka, wato gwal ɗin da ake kawowa a tabbatar da maganar aure. Na ajiye wuƙar. Hawayen da ke idona har lokacin na albasa ne, amma daga nan suka sauya.

Bari in gaya muku su wane ne mazan. Yaba, mahaifina, Allah ya jiƙansa, shekara ashirin da shida ya yi a mina, wato tashar jiragen ruwa, a kan ƙaramin jirgin nan mai jan manyan jirage zuwa bakin tasha. Da ya bar aiki ya kasa rabuwa da teku, sai ya samo wani tsohon rediyo baƙi mai kama maganar jiragen ruwa. Kullum bayan la'asar yakan hau sama da shi da butar shayi, ni kuma in bi shi da littafi ina rubuta sunan duk jirgin da ya kira mina. A nan na koyi cewa jirgi ba ya faɗo wa tasha haka kawai, sai ya yi sallama tun daga nesa, ya faɗi sunansa da abin da ya ɗauko, ya nemi murshid, mutumin da zai shigo da shi. Shekara uku ke nan da rasuwar Yaba, ni kuma ban fasa hawa ba. Ramin da ake soka abin kunne ya daɗe da mutuwa, shi ya sa nake sakin maganar a fili. Iskar gishiri ta cinye rediyon, maɓallinsa da robar ɗaure gashi nake riƙe shi. Wata huɗu na yi ina zaɓen sabo a waya, hotunansu sun fi hotunan kayan amare yawa a cikin wayata.

Na ce, "To Yumma, ai sai a gaya musu rediyon Yaba ne. Halas, shi ke nan."

Ta rufe ƙofar kicin, ta rage murya kamar akwai wani a cikin firij.

"Ki ce wa wa? Ki buɗe baki a Nuzla ki ce kina da akwatin da ke jin maganar mina? Mu baƙi da muke zaune da takardar iƙama? Gobe wata ta ƙara gishiri ta ce leƙen asiri kike yi. Tun babanki na da rai nake faɗa da abin nan. Ba za ki gaya wa kowa ba. Ki ce talabijin ne."

"A saman bene?"

"Ki ce waya ce."

"Ai wayar ce suke zargi, Yumma."

Ta hau sama da kanta, ta sauko da rediyon, ta naɗe shi a tsohon tob ɗinta, wato laffaya, ta cusa cikin akwatin ƙarfen da muke ajiye barguna, ta sa kwaɗo. Ina son Yumma, amma ranar na ji haushinta har cikin ƙashina.

Litinin tun safe nake duba waya. Zaharaddeen, wanda nake kira Zahar, mai gyaran mukayyif ne, wato na'urar sanyaya ɗaki, kuma duk rintsi kafin ya hau tsani na farko sai ya turo min "sabahul khair" da hoton kofin shayinsa. Ranar shiru. Sai wajen azahar, ina zaune a teburin karɓar marasa lafiya, saƙo ya shigo.

"Juwai, zan tambaye ki abu. Kada ki yi fushi."

"Na riga na yi. Tambaya."

"Yummata ta ce a dakata da shabka."

Na karanta sau uku. Wata mata na tsaye a gabana riƙe da kumatu tana tambayar layinta, ni kuwa ban san me na gaya mata ba. Na shiga ɗakin hutawa na rubuta masa komai, daga Yaba har robar gashi. Na ɗauki hoton shafi biyu na littafina na tura masa, sunayen jirage da lokacinsu, rubutun Yaba a sama nawa a ƙasa. Na san na karya umarnin Yumma. Amma na ga in zan zauna da mutum har tsufa, ba zan fara da cewa talabijin ne ba.

Ya yi minti goma yana rubutawa yana gogewa. Ku da kuka taɓa zuba wa waɗannan ɗigo ukun ido kun san azabar. Daga ƙarshe ga abin da ya zo:

"Wato kishiyoyina jiragen dakon tumaki ne?"

"Da na motoci."

"Wallahi tun jiya ban ci abinci ba. Kin ce rediyon ya lalace?"

"Yana gargara. Wata huɗu ina neman sabo."

"Bar min wannan."

A nan na yi kuskure. Da na ce masa ya tsaya in tura masa irin wanda nake so. Amma daɗi ya rufe ni, na tura masa zuciya ja na koma bakin aiki.

Laraba da hantsi, ranar hutuna, ina sanye da doguwar rigar gida mai ruwan toka ina goge tayil, aka buga ƙofa bugun da ba na baƙunta ba. Hajiya Dela ce, cikin tob ruwan zuma mai zaren gwal a baki, ƙamshin turaren bakhur ya riga ta shigowa. A hammatarta akwai kwali. Zahar na bayanta, kansa a ƙasa, da rigar aiki, kamar wanda aka kamo daga kan tsani. Daga baya na ji kamo shi ɗin aka yi.

Yumma ta rasa inda za ta sa kanta. Ta shimfiɗa darduma, ta kawo shayi da na'ana'a da dabino, tana ta "ahlan, ahlan" ba ƙaƙƙautawa. Ni na ja mayafi na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa da hanci. Ko shayin ba ta kalla ba, ta ɗora kwalin a tsakiyar falo ta buɗe.

Oba-oba ne guda biyu, rawaya, irin na masu gadi. A jikin ɗaya an manna farar takarda an rubuta "Zahar". A jikin ɗayan an rubuta "Juwai", da 'yar zuciya a gefe wadda aka zana da biro.

Jama'a, da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige na ja ta na rufe.

"A ƙarƙashin gadonsa na samu," in ji Hajiya, ta juya ga Yumma. "Zakiya, ni na ɗauka ƙarya ake wa 'yarki. Ashe har da nawa ɗan a cikin mazan saman benen."

Zahar ya ce, "Yumma, jiya fa na saya, ko batir ban..."

"Kai yi min shiru."

Na saci kallonsa. Bawan Allah ya ji rediyo, ya shiga kasuwa ya ce a ba shi rediyon da ba na waƙa ba, da aka ce masa ana iya magana da shi sai ya ga ai soyayya ta samu hanya. Haushi da dariya suka kama ni lokaci ɗaya.

Yumma tana min ido, irin idon da ke cewa ki ce talabijin ne. Na kawar da kai.

"Khala Hajiya, ki ba ni izini in yi magana."

"Ina jin ki."

"Mazan da ake ji matuƙan jiragen ruwa ne, suna magana da mina. Rediyon Yaba ne nake kunnawa. Ba su san ina duniya ba. Abin yana ji ne kawai, ba ya mayar da magana. Wannan da Zaharaddeen ya sayo ba irinsa ba ne, kuma ni ko kyauta ba na so."

Yumma ta dafe kai. Hajiya ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Akwatin da ke jin mutum amma ba a magana da shi? Ya binti, shekarata sittin da ɗaya. Duk abin da ke da kunne yana da baki."

"To mu je shagon da ake sayarwa ki gani da idonki. In aka samu baki a jikin wanda nake so, ni da kaina zan ce a fasa shabkar."

Ban san daga ina wannan maganar ta fito ba. Zahar ya ɗago a firgice. Hajiya ta yi ɗan tsaki ta ce ita ba ta da lokacin yawon shaguna, tana da abin da ya dame ta. A nan bakinta ya kubce, abin da ke cinta ya fito. Yayarta, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda rabonsu da juna shekara goma sha tara, ta taso daga Sawakin ta Sudan a jirgin ruwa za ta yi Umra. Tun Litinin ya kamata su iso. An ce iska ta hana su tashi da wuri, daga nan kuma babu wanda ya san komai, waya ba ta shiga a tsakiyar teku. Kwana biyu Hajiya na zuwa mina da kular abinci tana zama cikin rana, duk wanda ta tambaya sai ya ce mata bukra, wato gobe. Sau biyu tuwon asida da miyar kuɓewa suna lalacewa a hannunta.

Na ce, "Me sunan jirgin?"

Ta dube ni kamar ba za ta faɗa ba. "Zahratul Bahar."

Na tashi na ɗauko littafina, na buɗe mata shafukan baya. Ga sunan nan sau biyar a cikin wata biyu, da rubutuna, kowanne da ranarsa da lokacinsa.

"Yakan kira mina kamar awa biyu kafin ya shigo. In yana kusa, zan ji shi kafin mutanen da ke zaune a bakin ƙofar mina su sani."

Hajiya ta daɗe tana kallon shafin. Sannan ta ɗauki kofin shayin da ya huce ta kurɓa sau ɗaya, ta miƙe.

"Yalla. Zaharaddeen, ɗauko wannan shirmen naka."

Mu huɗu a motar aikinsa, tsani na ƙara a samanmu, iyaye mata biyu sun sa ni a tsakiya. Shagon yana unguwar Ruwais, a wani lungu kusa da masu sayar da kayan kamun kifi, cike da igiyoyi da rigunan ceto da fitilun jirgi. Na san shi ta waya, na sha tura wa mai shi tambayoyi har ya gaji da ni. Sunansa Bandar, haifaffen Jidda ne, kakansa Bakano ne da ya zo Hajji ya zauna. Yana jin Hausa tsaf, amma in ya zo mayarwa sai Larabci ya ƙwace masa.

Da na faɗi sunana ya yi dariya. "Ke ce mai tambaya arba'in? Ahlan."

Ya karɓi oba-oban, ya ga takardun da aka manna, ya dubi Zahar, ya danne dariyarsa don ganin manya. Ya ce ba a wurinsa aka saya ba, amma ya san mai shagon, za su daidaita. Sannan ya jero mana guda uku a kan gilashi. Sikana suke kiransu, rediyon da ke bin tashoshi da kansa yana tsayawa duk inda ya ji magana.

Hajiya ta ture ni gefe. Ta ɗauki na farko ta juya shi gaba da baya kamar mai duba tob a kasuwa.

"Ya waladi, ina bakinsa?"

Bandar ya ɗauko oba-oban Zahar, ya nuna mata wani dogon maɓalli a gefe. "Shufi, ya Hajja. Wannan, in kin danna, muryarki ta fita. Wannan yana so izini, ba kowa ke riƙe shi ba." Ya miƙa mata sikanar. "Wannan, duba. Ma fi, babu."

Ta shafa gefen dama, ta shafa na hagu. Ta danna duk maɓallan da ke fuskarsa ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ta kai shi bakinta ta ce da ƙarfi, "Salamu alaikum, wa ke nan?" Ta kara a kunne. Shagon ya yi tsit. Wani mai sayen ƙugiya ya juya mana baya, kafaɗunsa na rawa.

"Ko shekara za ki yi kina sallama, ya Hajja, babu mai ji," in ji Bandar.

Ba ta ce na yi gaskiya ba. Cewa ta yi, "To. Zaɓi mu gani."

Nan fa aka zo filina. Na farko ƙarami ne mai sauƙi, amma tsohuwar magana kawai yake kamawa. Na ce a'a, don akwai tashoshin da a rediyon Yaba sai dai in ji suna ƙara kamar an jefa kifi a mai, waɗannan na dijital ne, ina son wanda zai fassara su su zama murya. Na uku babba ne mai allo mai launi, Bandar sai yabonsa yake, wai har taswira yake nunawa. Na tambaye shi batirinsa. Ya ce na cikinsa ne, ba a cirewa. Na ce in zafin Jidda ya kumbura shi fa? Ya sosa gemu. Na ajiye.

Na tsakiya na ɗauka, baƙi, ya cika tafin hannu, ba shi da wani ado. Shi ne wanda hotonsa ya fi yawa a wayata. Na sa Bandar ya kunna, na duba da kaina cewa tashoshin teku suna ciki a jere. Na tambayi tasha nawa yake riƙewa a ƙwaƙwalwarsa, da ko zan iya sa wa kowace suna. Na kwance eriyarsa na ga irin mai murɗawa ce, wadda zan iya haɗa ta da doguwar da Yaba ya ɗaure a jikin tankin ruwa. Batirinsa irin na rimot ne, ana samu a kowace baƙala, ƙaramin shagon unguwa. Yana da kati mai ɗaukar magana, in ina wurin aiki ya ajiye min. Na ce a ba ni abin kunne in gwada ramin, na soka na cire sau biyar.

Zahar ya matso ya raɗa min, "Duk wannan kin sani, kika bar ni na sayo kayan masu gadi?"

"Ka tambaye ni?"

Hajiya ta ji mu. Na ga gefen bakinta ya motsa, ta yi sauri ta gyara mayafi.

Saura abu ɗaya. Yumma tun shigowarmu tana bakin ƙofa, tana leƙen titi kamar za a zo kama mu. Na ce wa Bandar, "Ka gaya wa mahaifiyata gaskiya, ba don ciniki ba. Akwai matsala a riƙe wannan?"

Ya buɗe durowa ya ciro takardar kayan da hatiminta, ya nuna mata lambar da ke jikin takardar ita ce a bayan na'urar. Ya rubuta rasit da sunana. Ya ce, da Hausarsa mai ɗingishi, "Khala, ki ajiye takarda biyu tare. Ta ji jirgi, ta ji masu kifi, halas. Abin da ba nata ba, ta wuce. Abin da ta ji, ba ta yawo da shi." Yumma ta karɓa ta ninke su huɗu, ta sa a aljihun jakar da take ajiye iƙamarta. A nan na ga kafaɗunta sun sauka.

Bayan la'asar Hajiya Dela ta hau benenmu, hawa uku, da gwiwoyinta masu ciwo, tana hutawa a kowane kwana tana cewa duk laifin Zaharaddeen ne. Na shimfiɗa mata tabarma a inuwar tanki, wurin zaman Yaba. Na haɗa eriya. Na ba ta kunne ɗaya na abin kunnen, na sa ɗaya. Zahar aka bar shi a matattakala, Yumma na tsakaninmu da shi da tiren shayi. A ƙetaren katanga kuwa, ba sai na gaya muku ba, Khala Latifatu ta fito da zanen gado tana shanyawa.

Lambobi suka fara gudu a fuskar sikanar. Ta tsaya. Wani ya yi magana da Turanci mai kauri, tar kamar yana zaune kusa da mu. Hajiya ta zabura.

"Me ya ce?"

"Jirgin motoci ne, an ce ya jira a waje."

"Shi ma bukra aka ce masa?"

Aka jima, wasu masunta biyu suka yi gardama a kan ƙanƙara. Wani jirgin kaya ya nemi murshid. Na rubuta. Minti arba'in suka wuce, awa guda ta cika, babu Zahratul Bahar. Na fara tunanin wa ya aike ni cika baki, jirgin nan zai iya kasancewa bai ma baro Sawakin ba. Hajiya ta fara tattara gefen tob ɗinta.

"Ya binti, na ga dai ba ya magana. Wannan na yarda. Amma ni zan..."

Lambobin suka tsaya. Aka ɗan yi shuu, sannan wata murya ta fito, a hankali, da Larabcin nan na mutanen Sudan mai jan wasali, tana yi wa mina sallama. Ya faɗi sunan jirgin sau biyu. Ya ce yana ɗauke da fasinjoji masu Umra, kowa lafiya, yana neman murshid nan da awa ɗaya da rabi.

Ban fassara mata ba, ba ta buƙata. Ta damƙe hannuna har zobenta ya shige min fata. Hawaye suka gangaro ta gefen hancinta, ba ta share ba.

"Kowa lafiya ya ce?"

"Kowa lafiya, Khala."

"Sake min shi."

Na danna katin ya maimaita. Ta saurara ido a rufe. Da ya ƙare sai ta buɗe ido ta kalli katanga, inda zanen gado ɗaya ya kai minti ashirin ana gyara masa zama. Ta kama igiyar abin kunnen ta fizge ta daga ramin.

"Ƙara murya. Ƙara duka."

Na ƙure. Muryar mutumin Sudan ta cika saman Nuzla, har tattabarun gidan baya suka tashi.

"Latifatu," Hajiya ta ɗaga murya, "bar shanyar nan ki matso. Ga ɗaya daga cikin mazan, yayata ya kawo min. Sauran ma in kina so surukata za ta rubuto miki sunayensu."

Surukata. Na sunkuyar da kai don kada a ga bakina, amma wallahi ya ƙi rufuwa. Yumma, wadda kwana uku ba ta yi dariya ba, ta ajiye tire ta toshe baki da mayafi. Daga ƙetaren katanga sai ƙarar bokiti da takun silifa suna sauka.

Hajiya ta sauka benen nan da saurin da ba ta hau da shi ba, tana kiran Zaharaddeen ya tayar da mota, tana cewa Yumma ta ɗora mata ruwan zafi a fulas, yau abinci ba zai lalace ba. Na zauna ni kaɗai a wurin Yaba. Na buɗe littafi na rubuta sunan jirgin da lokacinsa. Sannan na sauka na roƙi Yumma makullin akwatin ƙarfe, na ciro tsohon rediyon na goge shi na ɗora a kan kabad ɗin falo, inda duk mai shigowa zai gani. Ba ta hana ni ba.

Ana idar da sallar isha'i wayata ta yi ƙara. Hoto ne daga Zahar: tsofaffi biyu a ƙofar mina sun rungume juna, tob ruwan zuma da farin tob, ba ka gane fuskar kowa. A ƙasa ya rubuta:

"Shabka ranar Alhamis ɗin da aka sa, ba a ɗaga ba."

Kafin in amsa wani ya shigo.

"Yummata ta ce in tambaye ki wani abu, kuma ta ce kada in kuskura in sayo komai da kaina."

"Ina ji."

"Wai eriyar nan, in za a ɗaura irinta a saman gidanmu, ta wane gefe ya kamata ta kalla? Yayarta za ta koma nan da sati uku, tana so ta ji fitar jirgin."